Idan Aka Kira Mu Mu Ba Da Shaida A Kan Ƙasarmu Da Ruwanmu

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na sashen noma da muhalli ya yi wa wakilan ikkilisiyoyin karkara a wajen taron horarwa. Mun buga shi domin a karanta a taron Zumuntar Mata, da na matasa, da na kwamitin raya ƙauye.

   

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa ya taɓa ganin baƙi sun zo ƙauyensu da mota, sun nufi bakin rafi ko daji, suna awo, suna kafa turaku masu jan fenti, suna ɗibar ruwa a kwalba da ƙasa a leda? Ku ɗaga hannu in gani. To, kun ga hannuwa sun yi yawa. Tambaya ta biyu: a cikin waɗanda suka ɗaga hannu, wa ya san abin da baƙin nan suka je suka rubuta a kan ƙauyensu? Hannu ɗaya kawai na gani. Dalilin zamanmu na yau ke nan.

Abin da doka ta ce

A shekarar 1988 aka gano cewa an kawo shara mai guba daga ƙasar Italiya an jibge a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Abin ya girgiza ƙasar nan. A ƙarshen shekarar gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 kuma ta fitar da doka mai lamba 86 wadda ta ce kafin a fara wani babban aiki, dole a bincika irin tasirin da zai yi a kan ƙasa, da ruwa, da iska, da itatuwa, da dabbobi, da mutanen wurin. Ma'aikata suna kiran wannan bincike EIA. Mu a nan za mu riƙa ce masa rahoton tasiri. Tun daga 1999 Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce take riƙe da wannan aiki.

Dokar ta lissafa ayyukan da tilas ne a yi musu cikakken bincike. Ga kaɗan daga cikin waɗanda suka fi shafar mu mutanen karkara: madatsar ruwa da tafkinta zai kai hekta 200 ko fiye, aikin noman rani na hekta 5,000 ko fiye, share daji na hekta 500 ko fiye domin noma, aikin gona da zai sa a tashi iyalai 100 ko fiye, haƙar ma'adinai a sabon wuri da ya wuce hekta 250, da wurin fasa dutse da yake cikin kilomita 3 daga gidajen mutane.

Ku lura da abu ɗaya. Mai aikin ne yake ɗauko masu binciken, shi ne kuma yake biyansu. Ban ce maƙaryata ba ne, da yawansu mutanen kirki ne masu ilimi. Amma baƙi ne, sukan yi 'yan kwanaki su tafi, kuma wanda ya aike su yana so a ba shi izini. Shi ya sa aka tanadi cewa idan an gama rubuta rahoton, a ajiye shi a fili na kwanakin aiki 21 a wurare kamar sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a sanar a jarida da rediyo, domin duk mai magana ya rubuto. Ga manyan ayyuka akan kafa kwamitin masana su zauna a gaban jama'a. Mai aikin ya yi bayani, masu bincikensa su yi bayani, sa'an nan a ba mutanen wurin dama. Abin da aka faɗa a wannan zama yana iya sa a ƙi ba da izini, ko a ce a sake bincike, ko a ba da izini tare da sharuɗɗa.

Kuskuren da na yi

Zan ba ku labarin rana ta farko da na tsaya a gaban irin wannan kwamiti, ko da yake labarin bai yi mini daɗi ba.

Wani kamfanin noma yana so ya tare wani rafi domin ya shayar da babbar gona. Mutanen ƙauyukan da suke ƙasan rafin suka roƙe ni in yi magana a madadinsu, tun da na karanta ilimin muhalli. Na ji kaina ya yi girma. Na tashi na yi magana da zafi, na ce rafin nan bai taɓa ƙafewa ba tun kaka da kakanni, kuma idan aka tare shi kifi zai ƙare ƙaf. Jama'a suka yi ta tafi.

Sai masanin da kamfani ya kawo ya miƙe a hankali ya ce, “Malam, sau nawa ka je rafin nan?” Na ce sau biyu. Ya ce, “A waɗanne watanni?” Na ce Agusta da Satumba. Ya ce, “Ka taɓa ganinsa a watan Maris?” Na ce a'a. Sai ya juya wajen wani dattijo a cikin mutanenmu ya ce, “Baba, rafin nan ya taɓa ƙafewa?” Baba mutum ne mai gaskiya. Ya ce, “Ya taɓa, ɗana. A shekarun babban fari sai da muka yi tono a cikin yashi kafin mu sami na sha.”

Daga nan maganata ta mutu. Ina da waɗansu abubuwa na gaskiya da na auna da hannuna, amma na ga shugaban kwamiti ya ajiye alƙalaminsa. Na ƙara gishiri a abu ɗaya, sai aka daina yarda da sauran tara.

Wadda ta cece mu a ranar wata tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta ɗaga hannu, shugaba ya ce, “Mama, muna jin ki.” Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ban san takarda ba, igiyar guga na sani. Shekarar da aka kawo ni gidan miji, da rani igiya gaba huɗu take kai wa ruwa a rijiyar bakin fadama. Tun da aka fara jan ruwa da inji a saman rafi, sai da muka ƙara gaba biyu. Ga igiyar nan na zo da ita, ga ƙullin da muka yi.” Ta ɗaga igiyar kowa ya gani. Shugaba ya ɗauki alƙalami ya rubuta, ya tambayi masu binciken ko sun auna rijiyoyin ƙauyukan ƙasa da rani. Ba su auna ba. Aka ce su koma su auna. A ƙarshe an ba kamfanin izini, amma da sharaɗin ya riƙa sakin ruwa da rani, ya kuma bar mashayar dabbobi a buɗe.

Tun daga ranar na gane cewa mai ba da shaida daban yake da mai roƙo, daban yake da mai faɗa. Aikinsa shi ne ya faɗi abin da ya gani, da inda ya gani, da lokacin da ya gani, da yadda ya auna.

Wurare uku da za mu koyi darasi

Na farko shi ne Bakolori, kusa da Talata Mafara. An gina madatsar ruwa a kan Kogin Sakkwato, aka gama ta a 1978, kafin a yi dokar da na ambata. Ba a zauna da manoma yadda ya kamata ba. Waɗanda ruwa ya cinye gonakinsu da waɗanda aka karɓi filayensu suka yi ta kukan diyya, har suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Bayan haka wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da suke ƙasan madatsar ya nuna yadda noman shinkafar fadama da kamun kifi suka ragu saboda ambaliyar da suka dogara da ita ta daina zuwa kamar da. Binciken gaskiya ne, amma ya zo bayan an riga an zuba kankare, an kuma zubar da jini.

Na biyu shi ne dausayin Haɗeja da Nguru. Koguna biyu ne suke ciyar da shi, Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are. Na Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, don haka waɗansunmu a ɗakin nan ruwansu ne yake gangarawa can. Kowace damina ruwa yakan malale fili mai faɗi, mutane su noma shinkafa, idan ya janye su shuka wake da kayan lambu a laima, masunta su kama kifi, makiyaya su sami ciyawa da rani. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Filin da ruwa yake malalewa, wanda a shekarun 1960 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. Ana kuma shirin gina wata madatsar a Kafin Zaki a Jihar Bauchi, a kan Kogin Jama'are.

A 1987 aka kafa wani shiri na kula da dausayin. Ma'aikatansa, 'yan Nijeriya da baƙi, suka shiga auna ruwa, suna zagaya dausayin ta jirgin sama suna zana iyakar ambaliya, suna ƙirga tsuntsaye, suna zama da manoma da masunta da masu itace suna rubuta abin da kowa yake samu. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka haɗa lissafin. Suka nuna cewa idan aka kwatanta ruwa da ruwa, amfanin da mutanen dausayi suke samu daga noma da kifi da itacen wuta ya ninka na babban aikin noman rani na Kogin Kano sau da yawa. Kafin wannan lissafi, manya da yawa suna ganin ruwan da ya malale fadama asara ce kawai. Ku kuma lura da gaskiyar masanan nan: ba su ɗora wa madatsun laifin duka ba, sun faɗa a fili cewa farin shekarun 1970 da 1980 shi ma yana da nasa kaso. Wannan ya sa aka kasa ture maganarsu.

Ba zan ce muku shaidar ta warware kome ba. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a dausayin tun da ruwa ya koma gudana rani da damina, mutane sun sha wahala. Aikin Kafin Zaki da aka fara a farkon shekarun 1980 aka dakatar, rashin kuɗi ma yana cikin dalilan tsayawarsa. Amma duk lokacin da maganarsa ta sake tasowa, mutanen Yobe da Borno suna da alƙaluman da za su ajiye a kan tebur. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, a 2006 kuma jihohi shida, Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da wannan ruwa tare.

Na uku daga Ingila ne. Can idan gardama ta yi tsanani a kan wani babban gini, gwamnati takan naɗa mai bincike ya zauna kamar alƙali. Kowane masani sai ya rubuta shaidarsa ya miƙa makonni huɗu kafin zama, domin ɗaya ɓangaren ya karanta. Ranar zama lauyan abokin gardama zai yi masa tambayoyi layi bayan layi. Ka'idarsu ita ce, ko wa ya biya masani, hakkin da yake kansa shi ne ya taimaki mai binciken ya gane gaskiya. A wani wuri da ake kira Dibden Bay, kusa da birnin Southampton, an so a gina babbar tashar jiragen ruwa a bakin teku inda dubban tsuntsaye suke kiwo a cikin laka lokacin sanyi. An fara zama a 2001, aka yi fiye da shekara guda ana sauraron shaidu. A 2004 gwamnati ta ƙi ba da izini, babban dalilinta kuwa shi ne ɓarnar da za a yi wa wurin. Abin da ya ba shaidar ƙarfi shi ne ƙidayar tsuntsaye da mutane masu sa kai suka daɗe suna yi shekara bayan shekara, tun kafin a yi maganar tasha.

Darasin wuraren nan uku ɗaya ne: shaidar da aka tara tun kafin rigima ita ce mai nauyi.

Littafin ƙauye

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu masanin da ya san rafinku kamar ku. Matsalar ita ce saninku yana cikin kai, kwamiti kuwa abin da aka rubuta ko aka nuna yake iya riƙewa. Saboda haka ina roƙon kowace ikkilisiya da ta turo wakili ta sayi babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ta ba mutum biyu amanarsa, namiji da mace. Ga abin da za a riƙa rubutawa, kowane da kwanan wata da sunan wanda ya auna.

Ruwa. Ku zaɓi rijiyoyi uku ko huɗu. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ɗiba, a auna daga bakin rijiya zuwa kan ruwa da igiya ɗaya da ba a canzawa. A rubuta ranar da rafi ya fara gudu da ranar da ya tsaya. Idan ambaliya ta zo, a yi alama da fenti a jikin gada ko dutse ko babban itace inda ruwa ya kai, a rubuta shekarar a gefe.

Itatuwa. A ƙirga ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya, giginya da sauran itatuwa masu amfani a filin da kuke ganin ana iya nema. Iyayenmu mata, nan ne wurinku. Ku ne kuka san kwano nawa na kalwa itace ɗaya yake bayarwa, da tulu nawa na man kaɗe gida yake samu a shekara, da kuɗin makarantar yara nawa ne yake fitowa daga ciki. Masu bincike sukan rubuta “daji ne, ba a noma shi” su wuce, alhali rabin abin da yake riƙe da gida daga can yake fitowa.

Kifi da namun daji. Masunta su faɗi irin kifin da ake kamawa da sunayensa, tarwaɗa, karfasa, kurungu, giwan ruwa, da watan da kowanne yake zuwa, da inda yake yin ƙwai. A rubuta wanda ake samu da, yanzu aka daina gani.

Amfanin gona. Buhu nawa na shinkafa ko masara gonakin fadama suka bayar bana. A rubuta shekara mai kyau, a rubuta marar kyau.

Taswira. Ku taru a fili ku zana ƙauyenku a ƙasa da sanda, dattawa suna gyarawa, sa'an nan matasa su kwafe a babbar takarda. A sa gonaki, rijiyoyi, maƙabarta, wuraren ibada, inda ake ɗibar yumɓu da ciyawar jinka da magani, da burtali, da mashaya.

Hoto. Yanzu kusan kowane ƙauye akwai mai waya mai ɗaukar hoto. A tsaya a wuri ɗaya a ɗauki rafi ko fadama da damina, a sake tsayawa a wurin da rani. A wanke hotunan a manna a littafi, domin waya tana ɓata.

Idan kun sami ɗanku ko 'yarku da ya karanta aikin gona, ko gandun daji, ko kimiyyar ruwa a jami'a ko kwaleji, ku nemi ya duba littafin ya taimaka wajen karanta rahoton tasiri, domin da Turanci mai wuya ake rubuta shi, kuma yakan yi kauri. Amma kada ku ce masa ya faɗi abin da kuke so. Ku ce ya faɗi abin da ya gani.

Abin da za ku nema a cikin rahoton

Ba sai kun gane kowane shafi ba. Ku sa a nemo muku amsar tambayoyin nan. A waɗanne watanni masu binciken suka zo? Ga manyan ayyuka akan bukaci bayanan damina da na rani, don haka idan sau ɗaya suka zo, ku faɗa. Sunan ƙauyenku yana ciki? An ambaci ƙauyukan da suke ƙasan rafi, ko kuwa waɗanda suke daidai wurin aiki kawai? Da wa suka ce sun yi magana? An ambaci makiyaya da masunta da mata? Wane alkawari aka yi na rage ɓarna, wa zai biya, wa zai duba an cika?

Ranar zama

Ga ka'idodi bakwai ga duk wanda za a tura ya yi magana.

1. Ka fara da faɗin ko kai wane ne, da shekarun da ka yi a wurin, da sana'arka. Masunci na shekara talatin gwani ne a kan kifin rafinsa.

2. Ka raba abu uku: abin da ka gani da idonka, abin da aka faɗa maka, da abin da kake tsammani zai faru. Ka faɗi wanne ne wanne.

3. Ka guji kalmomin “kullum”, “duka” da “bai taɓa ba”, sai in ka tabbata. Su ne suka kayar da ni.

4. Ka tsaya a kan abin da ka sani. Idan aka tambayi manomi a kan ƙarfin kankaren madatsa, ya ce wannan ba fannina ba ne. Babu kunya a ciki.

5. Idan ɗaya ɓangaren ya faɗi gaskiya, ka yarda. Idan aikin zai kawo hanya ko aikin yi ga matasa, ka ce haka ne, sa'an nan ka nuna abin da za a rasa.

6. Kada ka yi fushi. Mai tambaya yana iya tsokanarka da gangan. Ka saurari tambaya har ƙarshe, ka amsa wa shugaban kwamiti, ka yi shiru. Kana da damar yin magana da Hausa ko harshenku a nemi mai fassara.

7. Ka faɗi abin da kuke nema dalla dalla. “Ba mu yarda ba” kawai ba ya ba kwamiti abin rubutawa. Amma idan kuka ce a matsar da wurin fasa dutse nesa da makaranta, ko a riƙa sakin ruwa daga wata kaza zuwa wata kaza, ko a bar kurmin kaza, wannan yana iya zama sharaɗi a takardar izini.

Duk abin da za ku faɗa, ku rubuta shi tun kafin kwanakin nan 21 su cika. Ku yi kwafi biyu, ku miƙa ɗaya, ku sa a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗayan, ku ajiye shi a cikin littafin ƙauye.

Tarkuna uku

Na farko, takardar sa hannu. Akan zagaya da takarda a taro a ce kowa ya rubuta sunansa domin abinci ko kuɗin mota, daga baya sai a ga sunayen a bayan rahoto a matsayin waɗanda aka tuntuɓa. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka sa a karanta maka abin da aka rubuta a saman takardar.

Na biyu, ambulan. Wani lokaci akan kira shugabanni gefe da dare. Dattawa, ku gafarce ni, amma dole in faɗa: wanda ya karɓa ba zai iya buɗe baki ranar zama ba, kuma jikokinsa ne za su biya bashin. Dukanmu mun san abin da aka koya mana tun muna yara game da shaidar zur. Wannan ya shafi wanda ya ɓoye gaskiya domin kamfani, ya kuma shafi wanda ya ƙara ƙarya domin ƙauyensu. Na san waɗansu sukan dasa itatuwa da dare ko su ƙara yawan buhuna domin diyya ta yi yawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka kama mutum ɗaya, ƙauye duka ne zai rasa mutunci a gaban kwamiti.

Na uku, rarrabuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Rafi bai san Kirista ba, bai san Musulmi ba, bai san manomi ko makiyayi ba. Idan ya ƙafe kowa zai ji ƙishi. Ku je wurin maƙwabtanku Musulmi, ku je wurin Arɗo, ku je ƙauyukan sama da na ƙasa tun da wuri. Makiyayi ya san kowane tafki da watan da yake ƙafewa fiye da kowa a cikinmu. Kwamitin da ya ga fasto da liman da Arɗo da shugabar mata sun kawo takarda ɗaya zai karanta ta da kyau.

Kammalawa

'Yan'uwa, ba na so wani ya koma gida ya ce an koya mana mu ƙi ci gaba. Muna bukatar hanya, muna bukatar wuta, muna bukatar ruwan noman rani. Ba na kuma yi muku alkawarin cewa duk wanda ya kawo shaida mai kyau zai yi nasara. Akwai ayyukan da ake farawa ba tare da an bi doka ba, akwai sharuɗɗan da ake rubutawa a manta da su. Idan hakan ta faru, akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 domin tilasta bin dokokin muhalli, akwai ma'aikatar muhalli ta jiha, akwai kotu. A duk inda kuka je cikin wuraren nan, tambayar farko da za a yi muku ita ce, ina shaidarku?

Littafin rubutu da igiya da gwangwanin fenti ba su kai kuɗin buhun taki ba. Ku fara a wannan wata, ko da babu wanda ya zo awo tukuna.

 

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne wurare ne a ƙasarmu baƙo zai ɗauka ba su da amfani, alhali muna cin moriyarsu?

2. Su wa za mu ba amanar littafin ƙauye, kuma waɗanne rijiyoyi za mu fara aunawa?

3. Waɗanne dattawa ne ya kamata mu rubuta abin da suke tunawa game da fari da ambaliya tun suna tare da mu?

4. Waɗanne maƙwabta ne muke shan ruwa ɗaya da su, kuma wa zai fara zuwa wurinsu?